Jirgin da Ba Ya Sallama

Yayana Mas'udu kafinta ne, mai rufin kwano. In ka tsaya a Tudun Wada ta Gusau ka ɗaga kai, da wuya ka ƙirga rufi goma ba ka sami huɗu da ƙusarsa a jiki ba. Gajere ne, ba shi da yawan magana, kuma in ka gan shi a ƙasa yana jan ƙafa sai ka rantse aro ya yi su. Amma a kan katako, hawa biyu daga ƙasa, tafiyarsa yake yi da ƙusoshi a baki, ko inda zai taka ba ya dubawa.

A Kucheri aka haife mu, ni da shi. Babanmu magini ne, na ginin ƙasa da yaɓe, kuma abin da ya fara koya wa Mas'udu ba riƙon guduma ba ne, kira ne. Tsakar gidajenmu a buɗe take. Can mata suke daka da wanki da tsifar kai, da ɗaurin ƙirji, babu mai ganinsu. Wanda ya hau sama kuwa gida biyar yake gani a lokaci guda. Shi ya sa magini ba ya taka tsani sai ya ɗaga murya ya ce, "Za a hau bisa! Mata a kimtsa!" Sau uku, sannan ya dakata har ya ji motsi ya lafa. Shekara talatin da wani abu Mas'udu yana wannan kira. Ko kango zai rufa a bayan gari, inda ba kowa sai ƙadangaru, sai ya yi. Na sha tsokanarsa a kan haka, in ce matan ƙadangaru sun gode.

Bayan rasuwar Baba, da zaman ƙauye ya yi wuya, ya ɗauko mahaifiyarmu, Inna Yelwa, ya dawo da ita gidansa a Gusau. Ni ina gida na uku daga nasa, ina ɗinki. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikin Inna ya shanye, ganinta kuma ya yi rauni. Tun daga nan abu ɗaya ya rage mata a duniya, shi ne hantsi. Kullum in rana ta ɗan ɗaga, ni da Luba matar Mas'udu mu ɗauko ta mu ajiye a kan tabarma a tsakar gida, mu yi mata wanka da ruwan ɗumi, mu shafe ta da man kaɗe, mu bar bayanta ya sha rana. A wannan lokacin take magana, take dariya, take zagin kajin Luba. A lokacin take cin abinci.

Wata Asabar muna cikin wankan muka ji wani zuuu a sama, kamar zuma ta tashi. Luba ta ce injin niƙan maƙwabta ne. Muka ci gaba da abinmu.

Kwana uku bayan nan wata yarinya ta kawo mini ɗinki, tana zaune tana ƙyalƙyala dariya a kan wayarta. Ta miƙo mini in gani. Daga sama aka ɗauka. Tsohuwa ce a zaune a kan tabarma, ba riga, ba ɗankwali, farin gashinta a jiƙe, mata biyu suna ɗaga mata hannu. An sa wa abin kiɗa. Tabarmar na fara ganewa kafin in gane uwata.

Yadda abin ya faru ba wani ɓoyayye ba ne. Akwai wani Mahadi mai ɗaukar bidiyon biki, yana da ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ce wa duron. An ɗaura aure a masallacin unguwarmu, yana bin motocin ango da shi daga sama, ya ratsa ta kan gidan Mas'udu. Ya ba masu biki bidiyonsu ba tare da ya cire wurin ba, wani ɗan iska ya yanki daƙiƙa shida ya watsa. Mun so mu ɓoye wa Inna. Wata mai dogon baki ta zo jaje ta zazzage mata komai, har da kiɗan.

Inna ba ta yi kuka ba. Matar da tun da aka kai ta gidan Baba, shekara sittin, baƙon namiji bai taɓa ganin gashin kanta ba. Cewa kawai ta yi, "Ku mai da ni ɗaki." Washegari da hantsi muka zo ɗaukarta, ta riƙe ƙarfen gado da hannunta mai lafiya. Haka jibi, haka gata. Sati uku ba su cika ba bayanta ya fara fashewa, miki biyu, ɗaya ya kai tafin hannu. Mai jinyar da ke zuwa duba ta ta ce a riƙa juya ta, a fito da ita ta sha iska. Inna ta ce a bar ta. Kunu ma sai an yi da gaske take shan ludayi uku.

Mas'udu ya sami Mahadi a shagonsa. Ni ma na bi shi, don na san in na bar shi shi kaɗai gaisuwa zai tsaya yi. Mahadi zai yi shekara talatin, da gilashi a goshi, da murmushin wanda bai taɓa shan mari ba.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi. "Ni motoci nika bi, ba gidaje ba. Kuma ai bisa ta Allah ta, ba ta kowa ba."

"Ni ma bisa nika aiki," in ji Mas'udu. "Ban taɓa hawa ban hwaɗa ba."

Mahadi ya yi dariya. Dariyar nan har yau ina jin ta a kunnena.

A gaban mai unguwa ya sauya murya. Ya ce ya goge, ya ce ba shi ya yanka ya watsa ba, ya ce daga yau kan titi kawai zai riƙa bi. Asabar ta zagayo muka sake jin zuuu a kan gida. Kafin Mas'udu ya fito ya ɗaga kai abin ya wuce. Muka koma wurin mai unguwa, ya ce, "To wa ya gane shi bisa gidanku da ido? Ƙara ba shaida ba ta." Gaskiyarsa ce, amma ranar ban so gaskiya ba. Ba zan ɓoye ba, na tsani Mahadi tsana mai tsanani. Na kira sunansa a sujada, kuma ba alheri na roƙa masa ba.

Wata rana Mas'udu ya durƙusa a gaban gadon Inna yana lallashinta. Ta ce, "In da za a hwaɗa mani kahin ya iso, yadda ubanku ka yi, da na hita." Wannan maganar ita ta kai shi Tsafe. Ya taɓa ji a rediyo cewa akwai na'urar rada, wadda ke ganin jirgi tun yana nesa. Ya ce in abin ba zai yi kira da kansa ba, sai a nemo na'urar da za ta yi masa. A Tsafe akwai Malam Mannir, ɗan aminin Baba, tsohon sojan sama da ya yi ritaya yana sayar da taki, wanda aka ce ya shekara da shekaru yana zaune a gaban irin wannan na'ura. Mas'udu ya shiga motar haya da tsakar rana, a hanyar da mutane ba sa bi yanzu sai dole.

Da ya dawo ya ba ni labarin yadda suka yi. Malam Mannir ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ɗauko faifai ya ajiye a gabansa.

"Girma nai kamar wanga?"

"Bai kai ba ma."

"Tau, ka ji. Rada kamar mutum ta da ya tsaya gaban dutse ya yi kuwwa, shina jiran ta dawo mai. In ta daki babban jirgi na ƙarhe, can bisa inda babu komi, sai ta dawo da ƙarhi. Wanga kuwa roba na, ɗan mitsitsi, kuma ƙasa-ƙasa shika tahiya, tsakanin katanga da icce da tankin ruwa. Dukkansu suna mai da kuwwa. Ina za ka tsince shi ciki? Kuma tahiya tai irin ta shirwa ta. Irin da munka yi aiki da ita, da gangan anka koya mata zubar da tsuntsaye, in ba haka ba allon ya cika da tantabaru. Shi ma sai ta zubar da shi tare da su."

Mas'udu ya tambaya ko babu wadda ke ganinsa sam. Malam Mannir ya ce akwai, an ƙera wasu musamman domin ƙananan, har suna bambanta shi da tsuntsu ta juyawar farfelarsa. Amma ko su a cikin gari mai cunkoson gini suna shan wuya, kuma ba abin da ake sayar wa kafinta ba ne ya kafa a tsakar gida. Ya ce abin da zai iya ba shi shawara ce kawai. Batirin abin ba ya wuce rabin awa, don haka mai shi kullum yana kusa. Kuma mutum ne ke tuƙa shi, in ya sami hanya mai sauƙi ita zai yi ta bi.

Mas'udu ya tafi neman mai yi wa Inna kira, ya dawo da wata niyya dabam. Na gani a fuskarsa tun daga zaure. Ya ce, "Zuwaira, tunda ba a ganin zuwa nai, sai a hana shi komawa." Tun da nake da shi ban taɓa jin daɗin maganarsa kamar ranar ba.

Juma'a uku a jere yana zuwa Bungudu, bakin gulbi, wurin wani masunci, yana koyon jefa raga mai dalma a baki. Ya sayo tsohuwa guda ya zo gida yana gwaji. Kajin Luba sun ga ta kansu. Mutum mai furfura a gemu yana laɓe bayan randa yana jiran zakara ya gifta, Luba tana faɗa, ni ina dariya har da hawaye. Ita ce dariyar farko a gidan tun ranar bidiyon. Amma hannunsa hannun mai jefa guduma ne daga ƙasa zuwa kan rufi, bai daɗe ba ya iya.

Hanyar ma ya gano ta. Titin da ya taso daga masallaci yana yin kwana ya zagaye gidajenmu. Motoci dole su bi kwanar. Mahadi kuwa, don ya tare su ta gaba, sai ya yanke ta kan gida huɗu, na Mas'udu ne na uku, ya bi ta gefen benen maƙwabcinmu ƙasa-ƙasa. Benen nan Mas'udu ne ya rufa shi, ya san kowace ƙusa. Mai benen ya ce ya hau duk lokacin da ya so.

Asabar ta farko ya jingina tsani, raga a kafaɗa, ya cika ƙirji ya yi kiransa sau uku. Muryar da ta saba ratsa unguwa ta kai har bakin masallaci, inda Mahadi yake tsaye da abin tuƙinsa. Ranar jirgin kan titi ya bi, can sama, kamar mutumin kirki. Asabar ta biyu haka. Aka ce har hannu Mahadi ya ɗago wa Mas'udu daga nesa.

Na same shi yana naɗe raga, raina a ɓace.

"Yaya, kai kaka kiran shi da bakinka. Ka hau shiru mana, sau ɗaya tak."

Ya dube ni kamar na ce ya saci tabarmar masallaci. "Ban hawa."

"Tau ka hi son dokar Baba da bayan Inna. Je ka dibi bayanta, ka zo ka hwaɗa mani."

Maganar ta soke shi, na gani, kuma a lokacin ban yi nadama ba. Ya zauna a kan turmi ya sunkuyar da kai. Luba ce, wadda ba ta shiga faɗanmu, ta ajiye tsintsiya ta ce, "Kiran ga dai na mata na, ba na Mahadi ba. In mata sun ji, mi ya rage?"

Ranar Juma'a da yamma ni da ita muka sa mayafi muka shiga gida goma sha ɗaya, duk inda ake hangowa daga kan benen. Kowace muka gaya mata gobe za a hau sama tun da safe har azahar, a kimtsa, kuma kada maganar ta kai zaure. Ashe kowa tana da nata a ciki. Wata ta daina shanya kayan ciki a waje. Wata ta koma wanka a ɗaki cikin baho, da tsohon cikinta. Zulai mai awara, wadda kaskonta yake daidai inda Mahadi ke tsayawa, ta ce ita za ta zama idonmu, da abin ya bar ƙasa za ta yi mini filashin. Gida goma sha ɗaya, mata sun fi talatin, maganar ba ta fita ba.

Da sassafe Mas'udu ya jingina tsani. Ina kallonsa ta ƙofa, na ga leɓɓansa sun motsa sau uku kafin ya taka, ba sauti. Ya hau ya kwanta bayan tankin ruwa. Awa huɗu yana kwance a kan kwano, rana tana gasa shi. Ni ina tsakar gida da hijabi har ƙasa, waya a hannun hagu, taɓarya a dama, don mun yi da shi in Zulai ta kira zan daki turmi sau uku.

Wajen sha ɗaya da rabi wayar ta yi ƙara ta katse. Na daki turmi. Muka ji hon ɗin motoci, sannan zuuu ɗin ya taso, ya ƙaru, ya karyo kwana ta kan gidan farko. Na ɗaga kai na gan shi karo na farko da idona, wani toka-toka da ƙafafu huɗu, da ido ɗaya a ƙarƙashi yana leƙen ƙasa. Sai na ga Mas'udu ya miƙe a bakin rufi, ya juya ƙugu, raga ta buɗe a sama.

A tsakiyar gidanmu ya faɗo, kusa da inda muke shimfiɗa tabarmar Inna. Yana ta kuka a cikin raga, farfela biyu sun karye, har ya yi shiru. Wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa.

Mas'udu ya aika aka kira mai unguwa. Kafin ya iso Mahadi ya zo a guje, ya ci burki a zaure, yana haki, yana sallama. Na amsa masa daga ciki, na ce, "Ashe ka iya." Aka shigo da mai unguwa ya ga inda abin ya faɗi, aka cire katin da ke ciki aka sa a waya. Ga gida na farko, ga na biyu, tsakar gida wayam, ga ni a tsaye da taɓarya ina kallon sama, sai raga. Mai unguwa ya kalla sau biyu ya miƙa wa Mahadi wayar.

Nan Mahadi ya fara roƙo. Da jirgin yake ci, da shi yake ciyar da iyali, a yi masa rai. Mas'udu ya sa aka goge wurin gidaje, ya ba shi katin, ya ce ango ba shi da laifi. Da ni ce ko katin ba zai gani ba. Jirgin kuwa ya ce ba shi aka yi wa laifin ba, don haka ba shi zai yanke hukunci ba. Ya cire batirin, don Malam Mannir ya gargaɗe shi yana kama wuta, ya kai jirgin ɗaki ya ɗora a cinyar Inna.

Ta shafa shi da hannunta mai lafiya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga idon. Ta daɗe da yatsa a kansa.

"Wanga ɗan abu?" in ji ta. Sannan ta ce, "Luba, turmi."

Ni da Luba muka yi masa lugude. Roba tana tsalle, gilashin idon ya fashe a bugu na huɗu, kuma ni na buga shi. Mahadi yana jin kowane bugu daga zaure. Aka ce ya juya ga mai unguwa, mai unguwa ya ce shi dai ya ji mata suna daka, bai san ko mene ne ba. Mun daka har ba abin da ya rage da ya fi ƙwayar gyaɗa, na tattara a faifai na kai wa Inna ta taɓa. Ban taɓa yin aikin da ya wanke mini zuciya kamar wannan ba, kuma ban nemi gafara a kansa ba.

Inna ta juya garin robar da yatsa. Ta ɗago fuska wajen da take jin numfashina.

"Zuwaira, shi ɗai na cikin garin?"

Na san masu bidiyo uku a Gusau da suke da irinsa. Na san Mahadi zai sayi wani kafin salla, kuma ya saya. Na dubi Mas'udu, shi da bai iya ƙarya ba, ya kau da kai.

"Shi ɗai na, Inna," na ce.

"Tau ku hid da ni."

Muka ɗauke ta, ta yi sauƙi a hannu fiye da yadda na sani. Rana ta daki bayanta ta yi ajiyar zuciya, ta ce a kori kajin nan marasa kunya. Ranar ta sha kunu kofi guda.

Daga washegari Mas'udu ya daina karɓar aikin safe. Masu gini suka yi ta mita, wasu suka koma wurin wasu kafintocin, bai kula ba. Kullum in mun fito da Inna sai ya tsaya a bakin zaure, ya ba mu baya, raga a kafaɗa, fuska a sama, kunne a buɗe. Sau biyu ya ji zuuu ya ɗaga mana hannu, muka yafa mata zane muka ce iska ce ta taso. Wata tara ta ƙara a duniya, mikin ya warke, kuma ba ta rasa hantsi ko ɗaya ba sai ranar ruwa.

Wata safiya, ana saura 'yan kwanaki ta rasu, ta ji tarinsa daga inda yake tsaye. Ta ce, "Mas'udu, kai ba ka zuwa aiki yanzu? Mi kaka yi nan kullum?"

Bai juyo ba, bai sauke kai ba.

"Rana nika sha, Inna," in ji shi.